Danja Ta Ƙi Sakin Shafin Rabawa

Ba iyayenta ne suka raɗa mata Danja ba. 'Yan ofis ne, kuma a bayan idonta suka fara, don babu mai ƙarfin halin da zai kira ta da shi ido da ido. Da labari ya zo kunnenta ba ta ɓata rai ba, sai ma ta sa aka rubuta sunan a jikin kofin shayinta. Ta ce ai danja ba ta taɓa kashe kowa a titi ba, masu tsallake ta ne ke kashe mutane.

Ofishin nasu a saman bene yake, ƙasansa shagon sayar da tayoyi, shi ya sa matakalar kullum warin roba take yi. Abu ɗaya suke ƙerawa a can, kompaila. Manhaja ce da ke tsaye tsakanin mutum da inji: mutum ya rubuta umarninsa da yaren da yake iya karantawa, ita kuma ta juya shi zuwa abin da ƙwaƙwalwar inji ke ganewa. Saboda haka a ofis ba a ce mata komai sai Tafinta. Masu amfani da ita ba manyan kamfanoni ba ne, ƙananan masu sana'a ne da ke haɗa na'urorin ban ruwa da ma'aunai da injinan ƙyanƙyasar ƙwai. Yawancinsu ba su taɓa ganin ko mutum ɗaya daga ofishin ba. Abin da suka sani kawai shi ne littafin bayani, wanda ke faɗin abin da Tafinta za ta yi da kowane umarni, shafi bayan shafi.

Danja ce mai tsaron wannan littafi. Ba ita kaɗai ke rubuta shi ba, suna da ɗan yawa a kan dogon tebur, kowa da babinsa, kuma babu shafin da ke shiga sai wani ya karanta ya sa hannu a matsayin ido na biyu. Bayan ido na biyu sai ita. Makullin ƙarshe a hannunta yake, in ba ta danna ba littafi ba ya fita, in littafi bai fita ba Tafinta ma ba ta fita. Akwai kuma wata doka da sai da ta sha faɗa kafin a yarda da ita: kowane shafi sai da misali, kuma kowace safiya, da duk lokacin da aka taɓa wani shafi, kwamfuta ta kwashi misalan nan kaf ta ba Tafinta, ta gwada abin da ya fito da abin da littafi ya ce zai fito. In sun yi daidai, ɗan akwatin shafin ya yi kore a kan babban allon da ke rataye kusa da wurin shan ruwa. In sun saɓa, ya yi ja. Muddin akwai ja ko guda ɗaya, ba a sakin komai.

Ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifinsu mai gyaran agogo ne, ya rasu tana dab da gama jami'a, ya bar autansu yana koyon ɗaure igiyar takalmi. Ita ta yi wa Auta komai ban da haihuwa. A kan wata tsohuwar kwamfuta mai maɓallan da sai an danna da ƙarfi ta koya masa rubuta shirinsa na farko, tana ranƙwashinsa in ya kwafa bai gane ba. Da ta samu aiki a ofishin nan, cikin masu gina Tafinta aka sa ta, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta iya ba. Ta koma kan littafi ne don ta ga kowa gudunsa yake yi kamar wanke-wanke, a bar shi sai ranar ƙarshe a yi masa kwaskwarima. Ta ce ita kam ta ji ta gani. Daga baya ta kawo Auta, yaro ya zo da kai mai ja, ya wuce kowa, har masu kamfani suka ɗora shi a kan ofishin gaba ɗaya. Ranar da aka ba shi kujerar, Danja ta shiga banɗaki ta yi kukan daɗi, ta fito ta ce masa wuyan rigarsa a karkace yake.

Rigimar ta taso ne daga sabuwar Tafinta. Auta da mutanensa sun daɗe suna fama da ita, sun sa ta yi sauri ninkin ba ninkin, an kuma riga an shelanta ranar fitarta. Allo ya yi kore ko'ina sai akwati ɗaya, shafin rabawa. Shafin nan Danja ce ta rubuta shi da hannunta tun da daɗewa, kuma abin da ya ce ba shi da wuya: in shiri ya nemi raba lamba da sifili, abin da ba ya yiwuwa a lissafi, zai tsaya cak ya yi ƙorafi. Sabuwar Tafinta kuwa, garin sauri, ta daina dubawa. Sai ta ba da sifili a matsayin amsa ta yi gaba abinta, ko tari babu.

Ana cikin haka aka yi wa Inna, mahaifiyarsu, aikin ido, Danja ta ɗauki hutu ta zauna da ita. Safiyar da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta hangi allo kore shar, babu ɗigon ja, wani ma ya sayo biskit yana zagayawa da shi. Ta yi murna, ita ma ai 'yar Adam ce. Ta ajiye jaka ta buɗe tarihin gyare-gyare don ta ga yadda ƙaninta ya shawo kan abin. Ta duba sama ta duba ƙasa, ba ta ga inda aka taɓa Tafinta ba. Littafi aka taɓa. An goge "zai tsaya ya yi ƙorafi," an rubuta "amsa: sifili." Wanda ya rubuta, Auta. Ido na biyu, Dogo.

Dogo abokin zamanta ne a tebur shekara da shekaru, mutumin kirki, sai dai tunda yake bai iya cewa a'a ba.

"Dogo," ta ce, "hannunka ne wannan?"

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Shugaba ne ya kawo mini da kansa. Ya ce na ɗan lokaci ne."

"Wato an bar jaki ana dukan taiki."

"Ni dai ba ni na kar zomon ba…"

"Rataya aka ba ka, na sani. To, sauke."

Ta mayar da shafin yadda yake a da. Kafin mai biskit ya gama zagayensa akwatin ya koma ja. Auta ya leƙo daga ofishinsa mai bangon gilashi ya ce, "Yaya, ɗan zo mana." Ta shiga ta ja ƙofa.

"Yaya, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na san abin da na tarar."

"Zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji."

Idanunsa sun faɗa, ya rame, ta lura da haka, abin ya kuma taɓa ta, amma ba ta nuna ba. Ya ce saurin nan da kowa ke yabo daga cire irin waɗannan dube-duben ya fito, in aka mayar da wannan sai an kwance rabin aikin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ya kawo maganar da ya tanadar mata.

"Ke kika koya mini cewa littafi ya faɗi abin da Tafinta ke yi. To, sifili take bayarwa, sifili na rubuta. Nuna mini ƙaryar."

Maganar ba ta banza ba ce, Danja ta san haka. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a sabon shafin.

"Auta," ta ce, "mai injin ƙyanƙyasa ya karanta shafin nan tuntuni, ya yarda da mu, ya rufe. Shirinsa yana tara zafin da aka auna, ya raba da yawan awon da ya samu. Ran da abin awon ya mutu, awo babu, sai rabawa da sifili. Da, inji zai tsaya ya yi ƙara, mutum ya rugo. Yanzu fa? Inji zai ga sifili ya ce sanyi zai kashe ƙwai, ya yi ta ba su wuta har ya dafa su. Kai kana ganin mutumin nan zai dawo ya sake karanta shafin da ya haddace, ya gano ka canza masa layi ɗaya a ɓoye?"

"Sau nawa hakan zai faru?"

"Wanda ya faru a kansa, sau ɗaya ya ishe shi."

Ta ba shi zaɓi. Ko a gyara Tafinta, ita da kanta za ta ja kujera ta zauna da su, don hannunta bai manta ba. Ko kuma a bar ta da halinta, amma a rubuta a shafin farko da manyan baƙaƙe: mun yi muku alkawari a kan rabawa, mun saɓa, ku duba shirye-shiryenku kafin ku ɗauki wannan. Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce masu kamfani ba za su taɓa yarda a buɗe littafi da tallar aibi ba, abokan hamayya kuma jira suke yi su samu abin yayatawa.

"Za mu gyara a fitowa ta gaba, Yaya, wallahi za mu gyara."

"Rubuta wannan ma a shafin farko, in sa hannu yanzun nan."

Bai rubuta ba, ita ma ba ta danna ba.

Mutane kuwa an san halinsu. Waɗanda jiya suke kawo mata shafukansu suna cewa ba su da kamarta, su ne yau suke yin shiru in ta zo shan ruwa. Ba mugaye ba ne, sun gaji ne, sun ƙosa a saki abin nan su huta, ga mace ɗaya ta tsaya musu a maƙogwaro. Kowace safiya wani ya sake shigar da gyaran Auta, kowace safiya ta mayar, akwatin ya yi ja. Wata 'yar babin lambobi ta ce da ƙarfi, don a ji, wasu in suka tsufa a kujera sai su ɗauka gadon gidansu ce. Danja ta juyo ta ce mata misali na biyu a babinta an buɗe alamar baka biyu ba a rufe ba, ta gyara kafin a tashi. Yarinyar ta duba, haka ne kuwa, ta ƙara jin haushi.

Kada a ce abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai. Abinci ya daina shiga, ta riƙa zama a mota a bakin shagon tayoyi tana kallon matakala kafin ta iya hawa. Littafin nan shi ne aikin rayuwarta, ta san kowane shafi kamar yadda uwa ta san tabon jikin ɗanta, kuma ta san Auta na da ikon karɓe makullin in ya ga dama. Abin da ba ta yarda ba shi ne zai iya.

Sai ga kira daga Inna. Ta same ta a falo, ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan kuwa a buɗe tangaran yana jiran ta.

"Wai ke me yaron nan ya yi miki kika hana shi aikinsa?"

"Ƙara ya kawo ke nan, Inna?"

"Bai kawo ƙara ba, ni na gan shi kamar an tsamo shi daga ruwa na tambaya. Ya ce a kan sifili kuke faɗa. Sifili ba shi ne babu ba? Yanzu ku biyu, ciki ɗaya, ku rasa abin yi wa faɗa sai babu?"

Danja ta yi dariya duk da abin da ke ranta. Ta kawo misalin ƙwai, Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya kiyaye ƙwan mutane. Amma ta ce ƙwan da ba a ga mai shi ba ba zai fi ƙanin da ake gani ba, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Ban yanke shi ba, Inna. Riƙe shi nake yi kada ya sa a wuta."

"To in ya fizge fa?"

Danja ta tashi ta ɗiga wa Inna maganin ido.

Ana gobe ranar fitarwa Auta ya tara kowa a gaban allo. Bai kalle ta ba da ya fara magana. Ya ce an yi haƙuri iyakar haƙuri, masu kamfani sun yanke hukunci, sabuwar Tafinta za ta fita gobe da littafinta, kuma yana roƙon mai tsaron littafi, a gaban kowa, ta danna. Da ya kai nan ya ɗago kai, muryarsa ta yi ƙasa.

"Yaya, don Allah. Dannawa ce kawai."

Ta ga yana nufin roƙon har zuciyarsa, ta ga kuma tsoro a fuskarsa, irin wanda ta sani tun yana ƙarami. Ta so ta danna. Ba ta taɓa son wani abu kamar yadda ta so ta danna a lokacin nan ba, a wuce wurin, a ci biskit, ta ga yaron nan ya yi barci.

"Ba zan danna ba," ta ce. "Hannuna a ƙasan shafi yana nufin na tsaya wa mai karatu, ko ban san shi ba. Wannan shafin tarko ne, ni da kai mun sani, duk wanda ke tsaye a nan ya sani. In makullin kake so, kana da iko, karɓi abinka da hannunka. Amma kada ka ce ni na ba ka."

Auta ya kau da kai daga gare ta. Sannan ya ja kwamfutar da ke kusa da shi, ya cire sunanta daga masu iko da littafi, ya sa na Dogo. Aikin bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a ɗaura agogo ba. Dogo ya dube ta, ta dube shi, ya sunkuyar da kai ya shigar da gyaran Auta ya danna. Akwatin ya yi kore, ba wanda ya tafa.

Auta ya ce akwai tebur a sashen amsa tambayoyin masu saye, matsayinta ba zai ragu ba.

"Madalla," ta ce. "Amma ka sani tun yanzu, duk wanda ya bugo, ko a kan me ya bugo, sai na faɗa masa ya duba rabawarsa."

"Kin san ba zan iya barin ki a nan kina haka ba."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa maka a gaban shaidu."

Ta kwashe 'yan kayanta a jaka ta sauka. A tsakiyar matakala ta so ta zauna, amma ta riƙe ƙarfe ta ci gaba da sauka, don ta rantse ba za a leƙo daga sama a gan ta a zaune ba.

Sabuwar Tafinta ta fita, aka yi ta yabon saurinta. Ko ƙwai sun dahu a wani wuri, ba wanda ya kawo labari, wataƙila ma ba su dahu ba ko ɗaya. Masu cewa Danja ta zubar da aikin shekaru a kan abin da bai faru ba suna da yawa, kuma ba ta taɓa tsayawa yi musu gardama ba. Ta samu aikin koyarwa a wata kwalejin fasaha a bayan tashar mota, inda ɗalibai suka gano tun makon farko cewa ba a kawo mata misalin da ba a gwada ba. Littafin kuwa ba ta sake buɗe shi ba, ta ce ba ta iya kallonsa.

Ba su haɗu da Auta ba sai da aka yi wa Inna aikin ɗaya idon, ranar da aka kwance mata auduga, iyali suka taru a gidanta. Danja na cikin jera kwanuka ya shigo da matarsa da yara. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaida kowa, sannan ya juyo wajenta ya ɗan rusuna, cikin ladabin da ake yi wa baƙo.

"Ina wuni, Malama."

Tunda ya iya magana bai taɓa kiran ta da wani abu ba sai Yaya. Ta ji kalmar har cikin ƙashinta. Ta amsa lafiya lau, ta shige kicin, ta buɗe famfo don kada a ji, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta wanke fuska ta fito, ta zuba masa abinci da hannunta, ta ware masa ƙanzon ƙasan tukunya da yake so, ta ajiye a gabansa. Ya ce ya gode, bai ɗago ba.

Inna, da yanzu idanunta biyu ke gani sarai, ta kamo hannun 'yarta ta jawo ta kusa.

"Ke ce babba," ta ce a hankali. "Ki ba shi haƙuri mana, a wuce wurin."

Danja ta dubi ƙaninta, ta yi magana yadda zai ji.

"Auta, ka yi haƙuri. Na ba ka yau, gobe ma in kana so zan ba ka, har in mutu. Amma da za a mayar da ni gaban allon nan yanzu, wallahi ba zan danna ba."